Fari: Me ke hana tallafin gwamnati isa ga manoma da masunta?

A duk shekarar da damina ta gaza a yankin Sahel, gwamnatoci kan fito da sanarwar agaji ga waɗanda abin ya shafa, kama daga hatsi da iri zuwa abincin dabbobi.

Sai dai abin da ya faru a Jamhuriyar Nijar da kuma gaɓar tafkin Chadi cikin shekaru hamsin da suka wuce ya nuna cewa ba yawan buhunan ne kaɗai abin dubawa ba.

Abubuwa biyu ne suka fi tasiri, wato lokacin da tallafin ya iso, da kuma waɗanda aka sa sunayensu a jerin masu karɓa.

Yadda fari ke karya magidanci

Ba a rana ɗaya fari ke talauta manomi ba. Idan kaka ta zo rumbu bai cika ba, iyali kan fara da rage yawan abinci, matasa kuma su tafi ci-rani.

Daga nan sai a shiga sayar da awaki da tumaki, a daidai lokacin da farashin dabbobi ke faɗuwa, na gero kuma yana hawa.

In tura ta kai bango, a cinye irin shuka, a ci bashin hatsi da za a biya da ƙari in kaka ta yi, ko ma a jinginar da gona.

Wannan ne ya sa masana harkar abinci ke cewa agajin da ya zo bayan an sayar da shanun huɗa yana ceton rai, amma ba ya mayar da mutum gonarsa.

Darasin shekarar 2005

A daminar 2004 ruwa ya ɗauke da wuri a Nijar, ga kuma farin dango da suka afka wa wasu yankuna. Hukumomi sun ƙiyasta giɓin hatsi da ya kai kimanin ton dubu 223.

Giɓin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da ƙasar ke nomawa a shekara. Abin da ya tsananta lamarin shi ne tsada, domin a tsakiyar 2005 buhun gero mai kilo 100 ya kai kusan sefa dubu 30 a wasu kasuwanni.

Matakin farko da gwamnatin shugaba Mamadou Tandja ta ɗauka shi ne sayar da hatsi a farashi mai rahusa, wajen sefa dubu 10 kowane buhu. Hujjar gwamnati da masu ba ta tallafi ita ce rabon kyauta zai dagula kasuwa.

To amma wanda ya riga ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe, ko rahusar ma ta fi ƙarfinsa.

Sai a watan Agusta, bayan hotunan yara masu tamowa daga jihohin Maraɗi da Damagaram sun karaɗe duniya, aka shiga rabon abinci kyauta gadan-gadan. Shugaba Tandja kuwa ya ci gaba da musanta cewa ana yunwa a ƙasar.

Ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ta yi jinyar yara fiye da dubu 60 a wannan shekara.

Da fari ya sake dawowa, lamarin ya ɗan sauya. Gwamnatin soja ta Salou Djibo, wadda ta karɓi mulki a watan Fabrairun 2010, ta fito fili ta amince cewa kusan rabin al'ummar ƙasar na fuskantar ƙarancin abinci, abin da ya ba ƙungiyoyin agaji damar fara aiki da wuri.

Hanyoyin da ake bi

Tun 1970 Nijar ke da hukumar OPVN mai kula da rumbunan ajiyar hatsi na ƙasa. Daga baya aka ƙara da tsarin yin gargaɗi da wuri, wanda ke bin diddigin ruwan sama da amfanin gona da farashin kasuwa.

Baya ga sayarwa da rahusa da rabon kyauta, akwai tsarin biyan mutanen karkara kuɗi ko abinci su yi aikin farfaɗo da ƙasar da ta mutu, kamar haƙa ramukan tare ruwa. Akwai kuma bankunan hatsi na ƙauyuka, da ke saye da kaka su sayar wa jama'a da sauƙi lokacin da abinci ya yi wuya.

A 2011 ƙasar ta fara wani shiri tare da Bankin Duniya na bai wa matalautan iyalai sefa dubu 10 a kowane wata.

A 2012 kuma Tarayyar Afirka ta kafa wani tsarin inshorar fari, inda ƙasa ke zuba kuɗi tun kafin damina. Bayan ƙarancin ruwan 2014, an biya Nijar da Senegal da Mauritaniya kimanin dala miliyan 26 a farkon 2015.

A Najeriya, hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA, wadda aka kafa a 1999, ita ce kan gaba wajen rabon kayan agaji, tare da rumbunan ajiyar hatsi na gwamnatin tarayya.

Ina masunta?

Kusan dukkan waɗannan tsare-tsare an gina su ne a kan ma'aunin noma. Ana lissafa abin da gona ta bayar, a fitar da giɓi, sannan a tsara jerin ƙauyukan da za a kai wa ɗauki.

Masunci ba ya shiga wannan lissafi cikin sauƙi. Ba shi da gonar da za a auna, kuma ba ya zama wuri ɗaya, domin duk inda ruwa ya nufa can yake bi.

Tafkin Chadi ya isa misali. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita dubu 25. Bayan farin shekarun 1970 da na 1980 ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na haka.

Tafkin ba shi da zurfi, kuma mafi yawan ruwansa daga kogunan Shari da Logone yake zuwa. Don haka da zarar ruwan sama ya ragu a can kudu, sai gaɓa ta ja baya da nisa.

Garin Ngigmi na Nijar, wanda a da kwale-kwale ke tsayawa a bakinsa, ya wayi gari ruwa ya yi masa nisan kilomitoci masu yawa.

Masunta da dama sun rataye koma sun kama noman masara da wake a kan dausayin da ruwa ya bari. Wasu kuma sun bi ruwan har suka tsallaka iyaka.

Ta haka ne 'yan Najeriya suka kafa ƙauyuka a yankin Darak, waɗanda aka miƙa wa Kamaru a ƙarshen 2003, bayan hukuncin da Kotun Duniya ta yanke a 2002.

Mutumin da ke zaune a tsibirin wata ƙasa, alhali takardunsa na wata ne, da wuya sunansa ya shiga jerin agajin ko wacce daga cikinsu.

Manyan ayyuka da matsalar tsaro

Babban abin da Najeriya ta yi a yankin shi ne aikin noman rani na kudancin tafkin, ƙarƙashin hukumar raya yankin tafkin Chadi da aka kafa a 1973. An tsara shayar da hekta dubu 67, amma tafkin ya janye ya bar magudanan ruwan a bushe, kuma ɗan kaɗan ne daga cikin filin aka noma.

A yankin Haɗeja da Nguru kuwa, madatsun ruwa na Tiga da Challawa da aka gina a jihar Kano sun rage ambaliyar shekara-shekara da kifi ke hayayyafa a cikinta. Ke nan abin da ya taimaki manomi a sama ya rage wa masunci abinci a ƙasa.

Shirin Fadama na biyu, da aka fara a 2004, yana cikin waɗanda suka sa masunta da makiyaya a sahun masu cin gajiya tare da manoma.

Daga baya rikicin Boko Haram ya ƙara dagula al'amura. Hare-haren da aka kai Baga a 2013 da 2015 sun durƙusar da kasuwar banda da ke ciyar da garuruwa har kudancin Najeriya.

A 2015 Nijar ta kwashe mazauna tsibiran tafkin, ta kuma haramta cinikin kifi da tattasai a jihar Diffa, bisa zargin cewa mayaƙan na samun kuɗi ta nan. An ɗauki shekaru kafin a sassauta dokar.

Binciken tauraron ɗan Adam ya nuna cewa tafkin ya ɗan farfaɗo tun daga shekarun 1990, kuma a 2022 da 2024 ambaliya ce ta addabi yankin. Wannan na nufin matsalar yanzu ita ce rashin tabbas, yau fari gobe ambaliya.

Masu lura da al'amura na ganin tallafin da zai dace da irin wannan yanayi shi ne wanda aka tanadi kuɗinsa tun kafin damina, aka kuma yi rajistar jama'a bisa sana'arsu, ba bisa gona kaɗai ba.

Ga manomi, hakan na nufin iri mai saurin nuna ya iso kafin ruwan shuka. Ga masunci kuwa, ɗan abin da zai riƙe iyali ne a watannin da babu kamu, don kada ya sayar da koma da kwale-kwalensa.