Kyamara mai gadin sheƙa

Mai karatu, ka san shamuwa. In ta sauka bisa kuka ko gawo a ƙasar Tasawa da Mayahi, kowa ya san damana ta kusa. Nan take yin sheƙa, ta yi ƙwai, ta ciyar da ƴaƴanta da fara. Kowace fara da ta ci, hatsinka ne ta tsare. Amma wata shekara ƴaƴan ba su tashi. Mi ya cinye su? Hankaka, ko muzuru, ko yara? Ba wanda ya gani.

Yanzu akwai wata ƴar kyamara da ake ɗaurawa kusa da sheƙa. Ba ta bukatar mutum. In abu mai ɗumin jiki ya motsa gabanta, sai ta ɗauki hoto da kanta, dare ko rana. A duwatsun Kutus, cikin jahar Damagaram, ma'aikatan ƙungiyar Sahara Conservation sun yi aiki da irinta wajen lura da sheƙar ungulu.

In za ka zaɓa, duba abu uku. Na fari, kada ka ɗauki mai walƙiya da dare, don tana razana tsuntsu. Nemi mai hasken da ido ba ya gani. Na biyu, ta zama mai jure ruwa da ƙura da zafin rana. Na uku, batirinta ya daɗe, katin ajiye hotuna ya zama babba, don kada ka riƙa hawa icce kullum.

Sai ɗauri. Ɗaura ta tun kafin a yi ƙwai. Uwa in ta tsorata ta tashi, rana na iya kashe ƙwan. Bar tazarar mita 1 ko 2, in ba haka ba hoto ba ya fita sosai. Ta dubi arewa ko kudu, kada hantsi ko la'asar su haske ta. Cire ganyen da ke gabanta, don iska na kaɗa shi, ta yi ta ɗaukar hoton banza. Ɗaure da igiya mai ƙarfi, kada ka buga ƙusa a jikin icce. In da hali, sa ta cikin akwatin ƙarfe, da sarƙa da kwaɗo.

Amma kwaɗo bai kai yardar jama'a ba. Ka fara gaya wa mai gari da mai iccen da ma'aikatan gandun daji. Kada kyamara ta dubi cikin gidan kowa. Kuma in sheƙar ungulu ce, kada ka bayyana wurin ga baƙo, don akwai masu kashe ta su sayar da kanta.

In hotuna sun fito, nuna wa mutanen gari, har da yara. Wanda ya ga uwa tana yi wa ƴaƴanta inuwa da fukafukai, da wuya ya sake jifar ta.