Mai Hoto da Kekensa

Sananne ne ga kowa cewa mai hoton da ke bin kasuwannin ƙauye da gidajen biki a bisa keke, jarinsa duka yana cikin abu guda, wato kyamara. Idan ta lalace, ba dukiyarsa kaɗai ta salwanta ba, har da amanar mutanen da suka biya shi domin hoton ranar da ba ta komowa.

Galibin masu keke sukan ɗaure kaya a kariya da roba, kamar yadda aka saba yi wa buhun gero da huhun goro. To, kyamara ba ta jure wannan. A cikin idonta akwai gilasai da dama a jere, kowanne an daidaita shi da ɗan'uwansa, an riƙe su da ƙananan kusoshi. Keken da aka saba hawa ba shi da abin da ke shanye gargada, saboda haka duk ramin da taya ta faɗa, bugun yakan bi ƙarfe har ya isa gare su. Ɓarnar kuwa ba ta bayyana nan take. Sai bayan watanni a ga hoto yana fita dishi-dishi, a ɗora wa kamfani laifi, alhali hanya ce ta yi aikin.

Mafificin wurin ɗaukarta shi ne jikin mahayi, domin gwiwa da ƙugu suna rage bugu. A sa ta a jaka mai soso, a rataya ta kamar yadda almajiri ke rataya gafaka, daga kafaɗa zuwa ɗaya gefen, sa'an nan a kama jakar da wata igiya a ƙugu don kada ta zamo gaba. Wanda ya rataya ta tsirara a wuya, da ya sunkuya za ta yi lilo ta bugi kan keke, in kuwa ya faɗi a kanta haƙarƙarinsa ne zai biya.

Lokaci ma yana da nasa sharri. Da hunturu ba a cire idon kyamara a bakin hanya, ba a kuma share shi da hannun riga, domin ƙura tana karce gilashi. Hure ta ake yi. A watan Afrilu zafin Kano yakan wuce digiri 40, don haka ba a jingine keke a rana da jakar a kansa. Da damina a naɗe ta da leda, amma da an sauka a kwance, gama laima in ta daɗe takan haifar da fumfuna a cikin gilasan.