Jirgin Ruwa Mai Tafiya Da Feshin Ruwa

Mutumin Suleja, wanda ya tashi a ƙasar duwatsu kusa da dutsen Zuma, ba lalle ne ya taɓa shiga jirgin ruwa ba. Amma jiharsa sunan kogi ta ci. Kogin Neja da kogin Kaduna sun ratsa ta, ga kuma tafkunan da madatsun ruwa suka haifar: Kainji a 1968, Jebba a 1985, Shiroro a 1990. Jama'a da yawa a jihar ba su da hanyar zuwa kasuwa ko asibiti sai ta ruwa.

Wahalar waɗannan koguna ita ce janyewar ruwa da rani. Tudun yashi kan bayyana, kututturan itatuwa kan matso kusa da saman ruwa, farfelar injin da ke rataye a bayan jirgi kuwa ta yi karo da su ta lanƙwashe. Saboda irin wannan ne Gwamnatin Tarayya ta fara yashe kogin Neja daga Warri zuwa Baro a 2009. Akwai kuma wata dabarar, watau jirgin da ba shi da farfela a waje, sai feshin ruwa.

Asalin Dabarar

Duk wanda ya ga 'yan kwana-kwana suna kashe gobara ya ga yadda mutum biyu ko uku kan riƙe mesa ɗaya. Dalili kuwa shi ne, yayin da ruwa ya ke fita gaba da ƙarfi, ita mesar baya ta ke turowa. Wani masani na Ingila, Isaac Newton, ya bayyana wannan ƙa'ida a 1687: abin da aka tura, shi ma ya kan mayar da turi daidai gwargwado. To, jirgin feshi ruwa ya ke jefawa baya, ruwan kuma ya tura shi gaba.

Wanda ya kyautata wannan dabara shi ne William Hamilton, manomi kuma maƙeri a ƙasar Niyu Zilan, inda koguna ke da gudu amma ba su da zurfi. A 1954 ya yi nasara, bayan ya gane cewa jirgi ya fi sauri in bakin feshin yana sama da ruwa, ba a nutse ba.

Yadda Ya Ke Aiki

Da farko akwai kafa a ƙarƙashin jirgi, wadda aka rufe da ragar ƙarfe don tare duwatsu da itace. Ta nan ruwa ke shiga. Sa'an nan inji ya juya wata fanka da ke cikin bututu, ita kuwa ta zuƙo ruwan ta matsa shi baya. A bayan fankar akwai fika-fikan ƙarfe da ba su motsi, aikinsu su miƙe ruwan don kada ya fita yana murɗawa. Daga ƙarshe ruwan ya bi ta wani tsukakken baki. Kamar yadda mai wankin mota kan danne bakin mesa da yatsa ruwa ya ƙara nisa, haka tsukewar bakin ke ƙara wa ruwan gudu.

In direba ya murɗa sitiyari, bakin feshin ne ke karkata dama ko hagu, jirgi ya juya. In ya so komawa baya, sai ya sauko da wani murfi mai kama da bokiti, wanda ke tare ruwan ya mayar da shi gaba. In an sauko da murfin rabi, jirgi ya tsaya cik alhali inji yana aiki.

Amfaninsa Da Aibinsa

Tun da babu abin da ya leƙo ƙarƙashinsa, ƙaramin jirgin feshi in ya ɗauki gudu yana iya wuce ruwan da bai kai gwiwa ba. Ba ya yanke tarun masunta kamar yadda farfela ke yi, ba ya kuma saran wanda ya faɗa ruwa. Don haka a ke sonsa wajen aikin ceto da sintiri.

Amma fa yana da nasa cikas. Kainuwa da ciyawa da leda kan toshe ragar, jirgi ya rasa ƙarfi. Yashi da tsakuwa kan cinye fankar a hankali. In ana tafiya sannu da kaya masu nauyi, ya fi mai farfela shan mai. Babban abin lura shi ne, in direba ya sake totur gaba ɗaya feshi ya ragu, sitiyari ba zai yi aiki sosai ba. Wanda ya firgita ya sake totur don ya kauce wa kututture, kansa zai nufa.

Gargaɗi Ga Jama'a

Kyawun inji ba ya hana haɗari. A watan Oktoba na 1 ga wata, 2024, wani jirgi da ya yi lodi fiye da kima ya kife da dare kusa da Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa, mutane da yawa suka rasu, galibi mata da yara. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare da wuce ƙa'idar lodi, ta kuma wajabta sa rigar kariya. Ko jirgi na feshi ne ko na farfela, wajibi ne direba da fasinja su kiyaye waɗannan dokoki. Rigakafi ya fi magani.