Kiwon Kaji a Gida: Wace Shimfiɗa ce ta Dace da Akurki?

Tun daga shekarar 1996 da Gombe ta zama babban birnin jiha, gidaje suke ta ƙaruwa a unguwanni irin su Pantami, filayen da kaji suke fita tono kuwa suna raguwa. Wannan ya sa matan aure da matasa da yawa masu kiwon kaji goma ko ashirin a bayan gida suka koma kulle su a akurki dare da rana. Kazar da aka kulle kuwa, a wuri ɗaya take ci, take kashi, take kwana. Saboda haka abin da aka shimfiɗa mata a ƙasa yana da muhimmanci daidai da abincin da ake ba ta.

Dalili kuwa shi ne, kaza ba ta fitsari dabam. Fitsarinta a haɗe yake da kashinta, kuma wajen rubu'i uku na nauyin kashin nan ruwa ne. Idan ya taru a daɓe ba tare da abin da zai tsotse shi ba, sai wurin ya jiƙe, ya riƙa tashin zarni mai yajin ido. Wannan iska ita masana suke kira amoniya, tana kuwa ƙona idon kaza da hanyar numfashinta tun kafin mai kiwo ya ji ta sosai, domin hancin kaza ya fi nasa kusa da ƙasa. Haka kuma ƙwayar cutar da take kawo kashin jini, wadda ta fi kama 'yan tsaki masu mako 3 zuwa 6, tana fita ne cikin kashin kazar da ta kamu, amma ba ta iya kama wata sai ta sami laima da ɗumi na kwana ɗaya ko biyu. Busasshiyar shimfiɗa tana rage mata wannan dama.

Ga mazaunin Pantami, abin da ya fi sauƙin samu shi ne ɓuntun shinkafa. Ana noman shinkafa a kewayen madatsar ruwa ta Dadin Kowa, injinan casa kuma suna da yawa cikin Gombe, ɓuntu kuwa tuli ne a bayansu. Ba ya dunƙulewa da wuri, yana bushewa da sauri idan an motsa shi, kuma kaji suna jin daɗin tono a cikinsa. Abin lura shi ne a tabbata ɓuntu ne tsantsa. Wanda ya gauraye da dusa mai laushi yakan tsotsi laima ya yi tsami, ya kuma jawo ɓeraye.

Sassaƙen katako da ake samu wurin kafintoci ya fi ɓuntu shan ruwa, ya kuma fi shi taushi ga ƙafar kaza. A nan ne jama'a suka fi yin kuskure, domin sukan ɗauka sassaƙe da garin katako abu ɗaya ne. Sassaƙe shi ne mai faɗi wanda yake fitowa wajen goge katako. Gari kuwa shi ne mai laushi da yake zuba daga bakin zarto. Ɗan tsako na makon farko bai iya rarrabe garin katako da abinci ba, sai ya cika cikinsa da shi, ya rame, wani lokaci ya mutu. Ga shi kuma da ƙura, musamman da hunturu. Idan babu makawa sai an yi amfani da shi, a bari sai kaji sun girma. Wajibi ne kuma mai saye ya tambayi kafinta ko an shafa wa katakon maganin gara ko baƙin mai. Idan an shafa, a bar shi, ko da kyauta ne.

Ƙasar Gombe ƙasar gyaɗa ce, don haka ɓawon gyaɗa ba ya wuya da kaka. Yana aiki, amma da sharaɗi. Ɓawon da ruwa ya taɓa ba ya daɗewa sai ya yi fumfuna, 'yan tsakin da suka shaƙi ƙurar fumfunar nan kuwa sukan kamu da ciwon huhu, a gan su suna buɗe baki suna haki, kuma da wuya magani ya yi musu amfani. Wanda zai shimfiɗa ɓawon gyaɗa ya shanya shi sosai, ya sansana. In ya ji warin ruma, ya kai shi gona. Totuwar masara da aka daddaka ita ma hukuncinta ke nan. Ciyawa da kara kuwa sai an daddatsa su ƙanana, in ba haka ba sukan manne su zama kamar tabarma, samansu a bushe ƙarƙashinsu a jiƙe. Yashi yana da sanyi, ya dace da manyan kaji a zafin Maris da Afrilu, amma bai dace da 'yan tsaki da hunturu ba.

Kowace iri aka zaɓa, kaurinta ya kai santimita 5 zuwa 10, watau kimanin faɗin yatsu huɗu ko fiye kaɗan. A riƙa motsa ta kowane kwana biyu ko uku, a kwashe inda ya jiƙe kusa da mazubin ruwa nan take, a ɗora mazubin a kan bulo. Akwai gwaji mai sauƙi: a damƙi shimfiɗar a hannu, sa'an nan a saki. In ta watse a hankali, tana da kyau. In ta zauna a dunƙule, ta jiƙe, a canza ta. In ko kusa ba ta kama ba sai ƙura, ta bushe fiye da kima. A watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa a Gombe, ya kamata a yi wannan gwaji kullum, a kuma duba rufin akurki da magudanar ruwan gida.

Kada a karɓi shimfiɗar da aka kwaso daga akurkin wani, ko da ta yi kama da sabuwa. Tun da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a Nijeriya cikin watan Fabrairu na 2006, a wata gona a Jihar Kaduna, likitocin dabbobi suke gargaɗi cewa kashin kaji da buhunan da aka zuba shi suna cikin manyan hanyoyin yaɗa ta. Idan kaji suka fara mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, a sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa, kada a fitar da shimfiɗar daga gidan sai an ji daga gare su.

Idan kaji sun tashi lafiya, tsohuwar shimfiɗa taki ce mai ƙarfi wadda masu lambu suke saye. A tara ta nesa da akurki da rijiya, a yayyafa ruwa, a rufe, a bar ta ta ruɓe na 'yan makonni, domin ɗanyen kashin kaji yana ƙona shuka. A share akurki, a wanke, a bar shi ya sha rana da iska kamar mako biyu kafin a zuba sabuwar shimfiɗa.