Kaset ba ya jira: gargaɗi daga taskar muryoyi ta Landan

Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya da ke Landan da littattafai aka fi saninsa, amma yana da wata taskar ta sauraro. A cikinta akwai sauti da aka naɗa sama da miliyan 6: waƙoƙi da kaɗe-kaɗen al'ummomin duniya, hira da dattawa kan abin da suka gani a rayuwa, marubuta suna karanta ayyukansu da bakinsu, shirye-shiryen rediyo, har da kukan tsuntsaye. Wani bawan Allah mai suna Patrick Saul ne ya kafa ta a 1955, sannan a 1983 ta koma ƙarƙashin ɗakin karatun.

A nan ake jin muryar Florence Nightingale, matar da ta yi suna a aikin jinya, wadda aka naɗa a 1890 a jikin wani abu na kaki mai siffar gwangwani, allura na kartar sautin a kansa. A nan kuma aka adana waƙoƙi da labaran da Northcote Thomas, jami'in gwamnatin mulkin mallaka, ya naɗo a kudancin Najeriya da Saliyo tsakanin 1909 da 1915.

To, a 2015 masu kula da taskar suka fito fili suka ce akwai matsala. Lissafinsu ya nuna cewa kimanin shekara 15 suka rage a kwafe tsofaffin faya-fayai da kasusuwa zuwa kwamfuta, in ba haka ba a rasa da yawansu. Dalili biyu suka bayar.

Na farko, abin da aka naɗi sautin a kai yana lalacewa ko ba a taɓa shi ba. Zaren kaset leda ce siririya da aka manna wa garin ƙarfe, kuma a jikin garin nan murya take. Laima na cinye abin da ya riƙe garin, sai zaren ya yi danƙo ko ya riƙa zubar da jar ƙura a kan rikoda. Zafi na lanƙwasa shi, fumfuna na cin sa. Duk garin da ya zube, da muryar ya tafi.

Na biyu ya fi ban tsoro: na'urorin sauraro suna ƙarewa. Kamfanoni sun daina ƙera mafi yawansu, kayan gyara sun yi wuya, masu gyaran kuma suna tsufa. Jawabin da Nelson Mandela ya yi a gaban kotu ranar 20 ga Afrilun 1964 an naɗe shi ne a wata irin ɗamarar roba da ake amfani da ita a kotuna a lokacin. Shekaru suka shuɗe ba mai iya sauraronsa domin na'urar ta zama tarihi, sai da aka kai wa ƙwararrun ɗakin karatun na Landan suka tsamo muryar.

Idan masu kuɗi da ƙwararru da ɗakuna masu sanyi suna wannan gaggawa, ina ga kaset ɗin da ke cikin kwali a ƙarƙashin gado, a ɗaki mai rufin kwano? Gidajenmu cike suke da su: Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Shata, Ɗan Maraya, tafsirin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, wasannin rediyo, da saƙon baki da 'yan'uwa ke aikowa daga Makka ko Kurmi kafin zuwan wayar hannu. Waƙar da ta shahara wataƙila wani ya riga ya kwafe ta. Amma muryar kakanku yana jero asalin gidanku, babu ta a ko'ina sai a kaset ɗaya.

Ga abin yi. A fito da kasusuwan daga inda rana ko yoyo ke samunsu, a jera su a tsaye cikin gidajensu, nesa da lasifika, domin maganaɗisun da ke cikinta na iya ɓata sauti. A ɓalle ɗan harshen robar da ke saman kaset don kada wani ya naɗi sabon abu a kai. Idan zare ya saki, a sa biro a ramin a juya a hankali. Wanda ya yi fari-fari na fumfuna kada a saka shi a rikoda, a nemi wanda ya san aikin.

Sannan a haɗa rikoda mai lafiya da kwamfuta ta hanyar igiyar waya a kwafe. Kara wayar hannu a bakin rediyo dabara ce ta ƙarshe, domin tana ɗaukar hayaniyar gida da kukan awaki. A ajiye kwafi mai cikakken inganci, ba wanda ya bi ta WhatsApp aka matse shi ba. A rubuta sunan mai magana, gari, shekara da dalilin naɗin, tun dattawan da suka sani suna raye. Kuma kada a zubar da kaset ɗin asali.

Kada a ɗauka shiga kwamfuta shi ne ƙarshen magana. A watan Oktoban 2023 'yan kutsen intanet sun kai wa ɗakin karatun na Landan hari, ayyukansa da yawa suka tsaya na tsawon watanni. Mimori na mutuwa, waya na ɓacewa. Don haka a yi kwafi uku, a ajiye ɗaya a gidan ɗan'uwa a wani gari. Abin da ya shafi sirrin iyali kuma a nemi iznin masu shi kafin a watsa.

Hukumar UNESCO ta ware 27 ga Oktoban kowace shekara don tunawa da irin wannan gado. Kada ku jira ranar. Rigakafi ya fi magani: ku buɗe kwalin nan a makon nan, ku fara da kaset ɗin da babu irinsa a wurin kowa.