Fim Ɗin Hausa Duk Abu Ɗaya Ne? To, Ku Faɗi Sunan Abin

A watan Mayun 2025 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da finafinai masu dogon zango guda 22, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata da Gidan Sarauta. Dalilin da hukumar ta bayar a fili yake: ana sakin shirye-shiryen a talabijin da YouTube ba tare da an kawo mata ta tace ba. Maganar ƙa'ida ce da takarda. Amma kafin labarin ya ƙetare kogin Kaduna ya iso mana nan Tirkaniya, ya riga ya sake riga. A teburin mai shayi da shagon masu tura fim a waya, abin da ake ta faɗa shi ne gara da aka hana, ai dama fim ɗin Hausa duk abu ɗaya ne, daga soyayya sai kishiya, kuma duk satar Indiya ce.

Wannan maganar ta ƙarshe ita ta sa na ɗauki alƙalami. Fiye da shekara ashirin ke nan ana nanata ta, har ta fi finafinan da ake zagi yawan maimaici. Ka tare mai faɗinta ka ce ya lissafa maka abubuwan da ake maimaitawa, ya gaya maka sunan kowanne da inda ya samo asali, sai ka ga ya fara susar ƙeya.

Wata yamma na tsaya a wani ɗan shago kusa da babban titin da ya zagaye gari, ina jiran a yi mini cajin waya. Mai shagon ya kunna fim a kwamfuta, yara sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa. A fim ɗin likita ya fito daga ɗakin tiyata, ya tsaya, ya zare tabarau, ya girgiza kai. Bai kai ga buɗe baki ba wata yarinya mai tallan gyaɗa, da ba ta wuce shekara goma ba, ta ce, "Ta mutu." Haka kuwa aka yi. Can gaba aka nuna wasu mata biyu suna ƙus-ƙus a ɗaki, sai wani yaro ya ce, "Yanzu za ku ga mai laɓe." Kyamara na juyawa sai ga kishiya manne da bango, ta kasa kunne. Yaran nan ba su taɓa shiga ajin nazarin fim ba, amma sun san kowace kwana ta labarin kamar yadda suka san lungunan unguwarsu. Abin da ba su da shi, mu manya ma ba mu da shi, shi ne sunayen da aka rubuta aka ajiye.

Ni turba nake kiran irin wannan abu, wato hanyar da ƙafafu suka yi ta bi har ta fito sarari. Kuma ba laifi ba ne labari ya bi turba. A 1928 wani masanin Rasha, Vladimir Propp, ya nazarci tatsuniyoyin ƙasarsu ya nuna cewa matakai 31 ne kawai suke ta juyawa a cikinsu. Masu fim na Amurka suna da kalmar MacGuffin, wadda Alfred Hitchcock ya yayata, ga duk wani abin da 'yan wasa ke kashe kansu a kai alhali mai kallo bai damu da shi ba. Indiyawa kuwa da bakinsu suka kira haɗin faɗa da waƙa da kuka da barkwanci masala, wato kayan yaji. Ba su ji kunyar turbarsu ba. Suna suka sa mata, suka mai da ita abin koyarwa.

Mu ma ba baya ba ne wajen raɗa suna. Masu shiga sinima a Kano su suka kira jarumin Indiya Dharmendra Sarkin Ƙarfi, suka kira Sanjay Dutt Ɗan Daba Mai Lasin. 'Yan masana'antar da kansu suka raba aikinsu gida biyu, camama ga barkwanci mai arhar kuɗi, santimental ga na soyayya. Kalmar Kannywood ma a mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu Daneji ta fara fitowa a 1999, shekara uku kafin a ji Nollywood. Sai dai da aka zo kan abin da ke cikin labarin, sai muka tattara komai muka zuba a buhu ɗaya, muka rubuta Indiya a bayansa.

Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe da ware abubuwa uku da suka mamaye fim ɗin Hausa: auren dole, da soyayyar mutum uku, da rawa da waƙa. Ta ukun ba ta da gardama. Saurayi ya jingina da kujera ya lumshe ido, sai a gan shi a lambu da budurwa suna sake kaya sau huɗu a waƙa ɗaya, wannan daga Indiya ta zo, kuma tun da Sangaya ya yi kasuwa a 1999 'yan kasuwa suka riƙe ta gam. Mafarkin waƙa nake ce mata. Amma kishiya fa? Wace Indiya ce ta koya wa kakanninmu tatsuniyar 'yar bora da 'yar mowa? Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? daga abin da ta gani a gidajen Kano. Mugun waziri mai ƙulla wa sarki makirci, wanda babu fim ɗin sarauta da za a yi ba shi, yana nan a Magana Jari Ce da Abubakar Imam ya rubuta a Zariya tun shekarun 1930. Mai dukiyar da ke ɓad da kama ya shiga cikin talakawa, masu karanta Dare Dubu da Ɗaya sun san shi da sunan Haruna Rashidu. Marigayi Rabilu Musa Ibro kuwa, da wayonsa da kwaɗayinsa da yadda dabara ke juye masa, duk wanda aka yi wa tatsuniya da dare ya san jikan Gizo ne.

Akwai kuma tushen da kusan ba a ambatonsa, kuma a garin nan namu yake. Ana ba da tarihin fim ɗin Hausa kamar ranar da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990 aka halicci duniya. Alhali kafin nan an yi shekaru ana majigi. Motar gwamnati ta shigo gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a tara jama'a bayan magariba. Finafinan da Turawan mulkin mallaka ke nunawa a majigin suna da turba guda da suka fi so: mutum biyu, mai hankali da wawa. Mai hankali ya bi shawarar malamin gona ko ya kai matarsa asibiti, ya ga alheri. Wawa ya ƙi, ya yi asara, a ƙarshe ya yi nadama a gaban jama'a. A sashen fim na gwamnatin Arewa Adamu Halilu ya yi aiki, shi ya yi Baban Larai, wanda aka shirya don jan hankalin manoma kan noman zamani, musamman auduga. Audugar nan kuwa ita ta riƙa ciyar da masaƙun Kakuri da ke maƙwabtaka da mu, tun daga masaƙar KTL da aka buɗe a 1957, masaƙun da suka tara ma'aikata daga ko'ina suka cika waɗannan unguwanni na kudancin kogi.

To, duk lokacin da ka ga mugu ya kwashe awa uku yana tsula tsiya, sannan saura minti biyar a tashi ya durƙusa yana kuka yana neman gafara, wani dattijo ya gyara zama ya yi nasiha yana kallon kyamara, ka tuna da majigi. Tuban minti biyar ke nan. Daga can muka gaji tunanin cewa fim bai halatta ba sai ya zama darasi, shi ya sa har yau ɗan fim in an tsare shi sai ya ce shi mai faɗakarwa ne.

A 1962 aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a Kaduna, nan kuma aka ƙera wasu turbobin da ake bi har gobe. Usman Baba Pategi, Banufe ne kuma tsohon soja, ya ɗauki rayuwar bariki ya mai da ita Samanja Mazan Fama: mai muƙami da ke hargagi, yana cakuɗa Hausa da Turancin bariki, kowa na tsoronsa amma shi ne abin dariya. Duk wani ɗan sandan camama da ke zare ido yana kwaɓa Turanci, rigar Samanja ya ara, ko ya sani ko bai sani ba. Ga Kasimu Yero na Karambana, ga Yusuf Ladan da Zaman Duniya Iyawa Ne, ga Duniya Budurwar Wawa a Rediyon Kaduna. Mutanen nan suka koya wa Arewa yadda ake zama a saurari wasa mako-mako ana jiran ci gaba, tun kafin a san kalmar dogon zango. Ko a zamanin bidiyo Kaduna ba 'yar kallo ba ce, don Wasila, wanda ya girgiza kasuwa a 2000, Yakubu Lere ne ya shirya shi daga nan. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja ya bi shi a 2023. An yi ta'aziyya, an watsa hotuna, an watse. Matashin da ke son ya zauna ya kalli wasanninsu daga farko zuwa ƙarshe, ya gane abin da ya gada, ina zai je? Shaihu Umar, fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi shekaru ba a jin ɗuriyarsa, sai da wata cibiya a Jamus ta gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Balin a 2018. Abin kunya ne, kuma ba na Jamusawa ba.

Wata turbar kuma hukumar tacewa da idon jama'a ne suka haife ta. Miji ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida, matarsa ta tsaya taku biyu daga gare shi tana kururuwa tana yarfe hannu, ba ta taɓa shi ba, har maƙwabta maza su shigo su ɗaga shi. Kowa ya san dalili: a zahiri ba matarsa ba ce. Wanda ya tuna abin da ya faru da Rahama Sadau, 'yar Kaduna, lokacin da ƙungiyar masu shirya fim ta MOPPAN ta kore ta a 2016 kan bidiyon waƙa da mawaƙi ClassiQ, ya san nauyin wannan iyaka. Ba ina cewa a rushe ta ba ne. Cewa nake a san da ita, a kira ta tazarar muharrami ko wani suna da ya fi wannan, don marubuci ya daina jefa 'yan wasansa a yanayin da dole tazarar ta zama abin dariya. Kuma a lura, wannan kishiyar abin da Indiya ke yi ce.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce gwarancin baƙo. Da zarar an sako wanda ba Bahaushe ba, to mai sayar da kayan gyaran mota ne mai son kuɗi, ko maƙwabci mai karya harshe don a yi dariya. A Tirkaniya da Nasarawa da Kakuri muna zaune da Gbagyi da Bajju da Atyap da Ibo da Yarbawa waɗanda a cikin Hausa aka haife su, wasunsu sun fi ɗan fim ɗin iya karin magana, kuma suna cikin masu kallon. Garin da rikicin 2000 ya raba shi kudu da arewa ba ya bukatar fim ya riƙa koya wa yara cewa maƙwabci abin dariya ne. Ga kuma tsohon ma'aikacin masaƙa da aka rufe kamfaninsu yana jiran haƙƙinsa har furfura ta cika masa kai. Ban taɓa ganin sa a fim ba, sai dai Alhajin da kullum yake shirin tafiya Dubai, ba a taɓa nuna sana'arsa ba.

Sauran turbobin ku ma kun san su: uwar da ke barazanar tsinuwa in ba a saki matar ba, gubar da aka zuba wa kishiya ɗan mai zubawar ya ci, boka mai jan ƙyalle da ƙyaƙyata dariya, baƙauyen da ya ga fanka ya ruga. Ba duka ne abin zubarwa ba. Wasu gado ne, wasu aro ne da ya zauna, wasu lalaci ne tsagwaronsa. Ba za a iya tantancewa ba sai an jera su an kira kowace da sunanta, yadda 'yan tashe suka san bambancin Tsoho da Gemu da Jatau Mai Magani.

Tun Janairun 2024 Ali Nuhu ke shugabantar Hukumar Finafinai ta Nijeriya da ke Jos, kuma babu wanda ya fi shi sanin waɗannan turbobi, don ya bi kusan dukkansu da ƙafarsa. Muna roƙonsa ya sa a nemo kasakasan wasannin Kaduna a juye su kafin su gama ruɓewa. Sassan Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello da Bayero da ta Jihar Kaduna kuma su ba ɗalibai aikin tattara ƙamus na turbobin fim ɗin Hausa, kowace da sunanta da asalinta da fim ɗin da ta fara bayyana. Kai kuma mai karatu, in ka sake cewa duk abu ɗaya ne, ka shirya faɗin sunan abin, don yarinyar nan mai tallan gyaɗa ta riga ka ganinsa.