Malamin Fadama da Taskar Ilmin da ke Aljihunsa

Duk wanda ya taɓa yin damina a ƙasar Haɗejiya ya san cewa idan watan Agusta ya yi nisa, kogi ya cika ya tumbatsa, ruwa ya malale fadamun Auyo da Kirikasamma da Guri, akwai ƙauyukan da ba a isa gare su sai da kwale-kwale, akwai kuma makarantun da kan zama masaukin waɗanda ambaliya ta raba da gidajensu, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022. A irin wannan lokaci mutane kan yi lissafin shinkafar da ta nutse da katangun da suka rushe, amma ba safai ake tuna malamin makarantar firamare ba, wanda ko a shekarar da ruwa ya yi sauƙi yana zaune nesa da ɗakin karatu, nesa da wanda zai tambaya, alhali kuwa an ɗora masa amanar yara masu yawa, ana jiran ya fitar da su daga duhun jahilci da guntun alli da allon da ya koɗe.

Malamin da ya daina neman ƙari kamar rijiya ce da ake ta ɗiba ba a yashe ta. Magabata sun san haka, shi ya sa almajiri kan ɗauki gafakarsa ya yi tafiyar watanni domin ya karanci littafi guda a bakin shaihin da ya ƙware a kansa. Sun kuma san cewa ba kowa ke da ikon tafiya ba, saboda haka Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ta kafa tsarin jaji, watau matan da kan zo su ɗauki karatu a wurinta, su koma da shi ga 'yan'uwansu na karkara. Da gwamnati ta buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, makarantu suka yawaita fiye da ƙwararrun malamai, sai aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna, domin malami ya ƙara ilmi daga nesa ba tare da ya bar ajinsa ba. Ashe ke nan kai ilmi inda mai nemansa yake ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin hawan ne kurum ya sake.

Abin hawan yau shi ne wayar hannu. Daga 2013 aka gudanar da wani shiri na kyautata aikin malamai a jihohin Jigawa da Katsina da Zamfara da tallafin gwamnatin Ingila, inda aka riƙa zuba wa malamai gajerun hotunan bidiyo a waya, suna kallon yadda ɗan'uwansu malami ke gabatar da darasi a aji irin nasu. Tun kafin wannan, a 2005, Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila da cibiyoyin horar da malamai na Afirka, har da ta Kaduna, sun fara shirin TESSA, wanda ya ajiye darussan dabarun koyarwa a intanet kyauta, da Turanci da Larabci da Faransanci da Sawahili. Bayan annobar korona ta rufe makarantu a 2020, Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport a 2022, inda ake samun darussa har da harshen Hausa. Littattafan da a dā sai an je Kano ko Zariya kafin a gan su, yau suna iya shiga aljihun malamin da ke gefen dausayin Baturiya.

Mai karatu zai ce, ina sabis a fadama, ina wutar caji, ina kuɗin data ga wanda albashinsa bai kai shi ƙarshen wata? Tambaya ce ta gaskiya, amsarta kuwa tana cikin sanin yadda abin ke aiki. Kallon bidiyo kai tsaye yana cin data duk sa'ad da aka kalla, amma wanda aka sauke aka adana a katin waya sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, sa'an nan a kalle shi sau ɗari ko babu sabis, a kuma tura wa abokin aiki daga waya zuwa waya ba tare da an kashe ko kwabo ba. Rubutu da murya sun fi bidiyo sauƙin nauyi nesa ba kusa ba. Saboda haka idan malami guda ya shiga Haɗejiya ranar kasuwa ya sauko da darussan mako, ya wadatar da makaranta sukutum, ƙaramin faifan sola kuwa ya isa ya rayar da wayoyin malamai duka. Wannan ita ce dabarar manomin da ke tara hatsi a rumbu tun da kaka, domin ya san akwai ranar da hanya za ta yanke.

Sai dai intanet kamar kogin nan namu take: mai albarka idan an yi mata magudana, mai ɓarna idan an sake ta. Sharaɗi na farko shi ne isnadi. Malamanmu ba su karɓar magana sai sun san wanda ya faɗe ta da wanda ya ji daga gare shi, wannan ladabi kuwa ya fi zama wajibi a yau, da yake kowa na iya rubuta abin da ya ga dama ya watsa a WhatsApp. Ya kamata malami ya tambayi kansa, wa ya wallafa wannan darasi, shin ya dace da manhajar da hukuma ta tsara, shin an same shi a wani wuri amintacce? Kuskuren da mutum ya karanta shi kaɗai ya cuta, amma kuskuren da malami ya rubuta a allo ya shiga zukatan aji guda, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sharaɗi na biyu shi ne malami ya mai da abin da ya samo ɗan gida. Darasin da aka shirya wa yaran Landan ba zai zauna a kan ɗan masunci ba sai an sake masa riga. Idan ya ga dabarar koyar da rabe-raben lissafi, sai ya kawo tiya da mudun shinkafa. Idan ya karanta yadda tsiro ke mamaye ruwa, ga kacalla nan a bakin ƙauye ta toshe hanyoyin ruwa, sai ya bayyana wa yara yadda madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka sauya tafiyar kogin, har ruwa ya riƙa kwanciya rani da damina a wuraren da a dā sukan bushe, ciyawar ta sami wurin zama. Idan darasin ƙasa ne, ga tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a dausayin Haɗejiya da Nguru, sai ya nuna hanyarsu a taswirar waya. Yaron da ya gane cewa ilmi yana magana a kan fadamar ubansa, da harshen uwarsa, ba zai ƙara ɗaukar makaranta baƙuwa ba.

Sharaɗi na uku shi ne muzakara. Kallon gwani yana iyo bai taɓa koya wa kowa iyo ba. Wajibi ne malaman makarantun da ke kusa da juna su riƙa haɗuwa, ko sau ɗaya a wata, su kalli darasi tare, ɗaya ya gwada a aji, sauran su yi masa gyara cikin mutunci. Wannan ya fi amfani musamman ga malamai mata, waɗanda hidimar gida kan hana su zuwa bita a Dutse.

Hukuma kuma tana da nata haƙƙin. Jigawa, jihar da ta kafa cibiyar fasahar sadarwa a Kazaure tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, take da Kwalejin Ilmi a Gumel da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ba ta rasa masanan da za su tace darussa, su shirya su da Hausa, su ɗauki hotonsu a azuzuwanmu. Ya kamata kuma a riƙa lissafa wannan ƙoƙari wajen ƙarin girma, domin malamin da ya sayi data da kuɗin cefanensa ya san an gan shi.

Kogin zai sake cika baɗi, hanya za ta sake yankewa, kamar yadda ta saba tun zamanin kakanni. Abin da ke hannunmu shi ne kada yankewar hanya ta zama yankewar karatu.